Finjali Uku a Zauren Yayana

Shekarun da kuɗin mai ya fara zuba a ƙasar nan, kowa a Daura ya samu abin da ya kama. Wasu kwangila, wasu babur, wasu rediyo mai kaset da suke ratayawa a kafaɗa har gona. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su kafin a cire ni daga aji huɗu, su aka kira Kaduna aka ba su tebur da fanka. Ni abin da na fito da shi daga wannan zamani wata 'yar buta ce ta silba wadda ba ta kai tsawon tafin hannuna ba. Ita ma sai da na yi rigima a kanta.

Wani kamfanin 'yan Italiya ne ya zo shimfiɗa kwalta a hanyar da ta nufi Baure da Babban Mutum, suka kafa sansani a bayan gari. Na samu aiki a garejinsu, ina wanke kayan inji da kananzir, daga baya aka yarda na riƙe sifana. Babban makanikin wani dattijo ne gajere, mai gashi har bayan yatsu. Ya daɗe a Arewa yana bin aikin hanya, kuma Hausarsa irin ta wanda ya koya a bakin leburori ce: gajeriya, babu gaisuwa, zagi ya fi yawa. Tsoho muke ce masa, kuma ya sani.

Kullum da hantsi, ko da injin katafila na kwance hanji a waje, Tsoho zai ajiye aiki, ya goge hannu, ya buɗe akwatin ƙarfensa ya fito da butar. Kusurwa takwas gare ta, ƙugunta a tsuke kamar kalangu, da baƙin mariƙi. Ya murɗe ta ta rabu biyu, ya zuba ruwa a ƙasan, ya sa wani ɗan mazurari ya cika shi da baƙin gari, ya murɗa saman, ya ɗora a kan ɗan risho. Daga nan sai ya tsaya a kanta. Ba ya magana, ba a yi masa magana. Can sai ƙamshi ya tashi ya danne warin baƙin mai da giris gaba ɗaya. Ni dai sai in ga na bar abin da nake yi.

Wata rana ya kama ni ina kallo. Ya tsiyaya a ɗan finjali, abin da bai fi kurɓa biyu ba, ya miƙo mini.

"Sha. Kada ka hura, ba koko ba ne."

Na kurɓa. Da farko ɗaci ya mare ni, na ce a raina wannan mutum ɓawon maɗaci ya dafa. Amma da na haɗiye sai wani abu ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro, kamar ƙanzon tuwo, kamar gyaɗar da ta soyu daidai, da wani zaƙi can nesa kamar na busasshen dabino. Kafin azahar na kwance giyar motar tifa ni kaɗai na mayar, ina waƙa. Na sha shayin Buzaye, goro kuwa tun ina saurayi nake ci, amma ban taɓa jin abin da ya buɗe mini ido daga ciki haka ba. Shi esfireso yake ce masa. Ni na ce gahawa, na huta.

Daga ranar na zame masa ƙarfen ƙafa. Ina ruwan zai tsaya? Me ya sa ba ka danna garin? Me ya sa ka sauke tun ba ta gama ba? Da tambaya ta ishe shi sai ya tona ƙasan akwatin ya fito da wata butar, tsohuwa, gefenta ya lotsa, cikinta ya yi baƙi, da finjali uku a naɗe cikin tsumma.

"Aro," in ji shi. "Ba kyauta ba. Ranar da hanya ta ƙare zan tafi gida, ba zan dawo ba. Kafin nan zan zo gidanka, ka dafa mini. In na shanye, buta taka. In na tofar, buta tawa."

Na ce, "In ka shanye don kunya fa, Maigida?"

"Ni ina da kunya?"

Gaskiyarsa, a iya sanina ba shi da kunya.

Na kai ta gida a cikin hula, na rungume kamar ƙwai. Gidanmu babba ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu Yayana ke riƙe da shi. Fataucin shanu yake yi daga kasuwannin bakin iyaka. Mutum ne mai sakin hannu, wannan ban taɓa ƙwace masa ba. A wurinsa darajar gida girman kwano ce: baƙo ya ci har ya bari, ya sha fura har ya jingina da bango. A zaurensa muke cin abinci, shi da ni da maƙwabta, kowa a fito masa da akushinsa. Da na nuna masa butar, ya juya ta sau biyu a hannu.

"Wannan ta alwalar 'yar tsana ce?"

Na ce ta gahawa ce.

"Mutum nawa take shayarwa?"

"Uku, Yaya."

"Uku." Ya miƙo mini abata. "To, Allah ya ba da sa'a a tuwon ƙasa."

Ban damu ba, don kaina ya riga ya tafi. Abu na farko ƙwayar gahawar. Wani direban babbar mota da ke zuwa Kano ya samo mini a wurin Larabawan kasuwar Kurmi, ɗanya, kore-kore, kamar wake da aka raba biyu, ba ta da ƙamshin komai sai na buhu. Na zuba a kasko na ɗora a wuta. Gefe guda ya ƙone ƙurmus, gefe guda ko ɗumi bai ji ba. Na dafa haka na sha, sai na ji kamar na tauna gawayi da ɗanyen wake tare. Na sake, na sake. Hayaƙi ya cika sashenmu har kaji suka yi ƙaura.

Mai ɗakina tana zaune tana tsinkar zogale, tana kallona kwana da kwanaki. Ran nan dai ta gaji.

"Malam, wai so kake ta soyu ko ta mutu?"

"Ke me kika sani a ciki?"

"Ban san komai ba. Amma da gyaɗa ce da na ce a yashi ake soya ta."

Na yi mata tsaki. Washegari da kaina na je bakin rafi na ɗebo yashi, na wanke, na shanya, na ajiye a gabanta. Ta zuba shi a kasko, ya yi zafi, ta watsa ƙwayar ciki tana juyawa da ludayi kamar mai sana'a. Ni ina tsugune ina kallo. Kore ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja, ya koma kalar bayan akuya, duka tare, babu wadda ta riga wata. Sai na ji sun fara fashewa, tas, tas, tas, kamar ana karya tsinke. Ƙamshin da ya tashi, wallahi na garejin ne, shi ne sak. Na tashi tsaye na zaga kaskon sau biyu ban san me nake nema ba. Ta tace yashin da rariya ta juye mini ƙwayar a faifai, suna sheƙi.

"Ga gyaɗarka," in ji ta.

Saura daka. A turmin gida na fara, kuma nan na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Turmin da ya shekara goma yana cin daddawa da barkono ba ya mantuwa. Na zuba abin da na dafa a kwalba na kai wa Tsoho, ina taƙama. Ya buɗe, ya sansana, ya rufe.

"Wannan a kan tuwo ake zubawa."

Ranar kasuwar Mashi na hau mota na je na sa wani masassaƙi ya fafe mini ɗan ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Ya tambaye ni ko na magani ne, na ce eh, don ba ni da lokacin bayani. Na kafa doka a gida: duk wanda ya sa ko ƙwayar gishiri a turmin nan, ni da shi ne. Sannan na shiga neman laushin garin. In ya yi laushi kamar garin tuwo, ruwa ba ya iya ratsa shi, buta ta yi ta huci tana tsartuwa ta ƙugu. In ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce a guje ya fito kamar wankin kwano. Tsakaninsu ake so, kuma tsakanin nan siriri ne ƙwarai. Na koyi gane shi da yatsa biyu, in murza in ji yana ɗan kartar fata kamar rairayi mai laushi.

Ruwan rijiyar unguwarmu gartsi gare shi, yana kashe ɗanɗano. Da damina ta sauka na kafa tulu a ƙarƙashin indararo, na bar ruwan farko ya wanke rufi, na tari na biyu, na rufe tulun da faifai na ɗora dutse. Akwai wata 'yar cibiya ta tagulla a jikin ƙasan butar, ruwa ba ya wuce ta. Gari a cika mazurari a share da yatsa, ba a dannawa. Wuta kuwa gawayi ya fi mini risho, amma sai ya ci ya yi fari, ba harshe. Sannan babban abu, kunne. Da farko shiru. Sai wata siririyar tsuwwa. Sai ka ɗaga murfi ka ga baƙin abu yana fitowa ta kan ɗan bututun tsakiya, a hankali, da kauri, yana gangarowa kamar zuma, da jar kumfa a bisansa. Da buta ta fara tari, ka sauke. In ka bari ta yi tari uku, ka ƙona aikinka.

Duk asuba bayan salla haka nake yi, kafin motar kamfani ta zo. Wata rana ta yi kyau in wuni ina wa mutane fara'a har su yi zargin wani abu. Wata rana ta ɓaci in wuni ina tunanin inda na kuskure. A zaure kuwa na zama abin nishaɗi. Wani dillalin shanu abokin Yaya, mai baki kamar reza, shi ya fi kowa.

"Baturen gidan nan, yau an sha maganin tarin?"

"An sha."

"To ka ɗan sammana mana, ko a ido a ɗiga."

Su yi ta dariya. Ni kuwa ina kallonsu ina tausayinsu, mutanen da za su mutu ba su san akwai wannan abu a duniya ba.

Bayan kaka kwalta ta kai inda aka ce ta kai. Aka fara ɗora injuna a kan manyan motoci. Tsoho ya same ni ina naɗe igiya ya ce, "Lahadi, la'asar." Ya wuce.

A nan na yi abin da ya zama dole kuma ya zama kuskure: na gaya wa Yaya. Ba yadda za a yi baƙo ya taka zaure mai gida bai sani ba. Na ce masa mutum ɗaya ne, abu kaɗan zai sha ya tafi. Yaya ya dube ni kamar na zage shi.

"Bature zai zo gidan ubanmu, ya sha abu kaɗan ya tafi? A ce a gari me?"

Ranar Lahadi tun da safe aka kayar da rago. Aka share ƙofar gida aka yayyafa ruwa, aka aro darduma. Yaya ya aika wa limamin unguwa, da mai unguwa, da abokan fataucinsa. Kafin la'asar zaure ya cika har waje, mutum ya fi ashirin, kowa da babbar riga. Ni kuwa ƙwayar da ta rage mini ta dahuwa biyu ce rak, mai ɗakina ta soya ta jiya, suyar da ba ta taɓa yin irinta ba. Direban bai sake zuwa Kano ba.

Tsoho ya iso a jif ɗinsa, da gajeren wando da farar riga, ya tuɓe takalmi ba a gaya masa ba. Aka zaunar da shi kusa da Liman. Aka kawo ruwa, aka kawo fura a ƙwarya da ludayi, aka kawo nama tuli, aka kawo shinkafa. Duk sanda ya ajiye hannu Yaya ya ce, "Ci mana, Bature, ai ba ka ci komai ba." Na ga gumi na bin wuyansa. Na ce a raina za su kashe masa harshe kafin in zo.

Na zame na shiga ciki. Bayan ɗakinmu na hura gawayi, na jira ya yi fari. Na daka rabin ƙwayar, na murza a yatsa, daidai. Ruwan tulu, ƙasa da cibiya. Na murɗa, na ɗora, na tsuguna. Na kasa kunne. Da tsuwwar nan ta zo na ɗaga murfi, sai ga shi yana tahowa, baƙi wuluk, da kumfa ja mai kauri irin wadda sau biyu kawai na taɓa gani a hannun Tsoho kansa. Tari ɗaya na sauke. Na raba a finjali uku, na jera a faranti, na taho ina taka ƙasa kamar mai ɗauke da jariri.

A ƙofar da ke shiga zaure daga cikin gida Yaya ya tare ni. Ya dubi farantin, ya leƙa bayana ko akwai mai biyo ni da sauran.

"Ina abin?"

"Ga shi, Yaya."

"Wannan ɗin? Na ɗauka ɗanɗanon gishiri ne." Ya rage murya. "Kai, akwai Liman a zauren nan. Akwai mai unguwa. Za ka ratsa mutum ashirin da abin da bai cika cokali ba, ka ba uku, sauran su yi kallo? A gidan nan?"

"Haka ake shansa."

"A garinsu."

Ashe ya riga ya shirya. A gefen ƙofar akwai babbar butar shayi ta gidan biki, uwargidansa ta cika ta da madara da sukari da citta da kanumfari, tana tururi. Kafin in buɗe baki ya ɗauki finjalin nan ɗaya bayan ɗaya ya juye a ciki. Uku. Ya girgiza butar, ya ɗauka ya shiga zaure yana cewa, "Ga gahawar ƙanena, ku sa albarka."

Na tsaya da faranti a hannu. Wata bakwai na aiki, na ga ya narke a madara ko launi bai canja ba.

Aka rarraba a manyan kofuna. Kowa na kurɓa yana gyaɗa kai. Dillalin nan ya ce, "Ashe abin da daɗi, ka yi ta ɓoye mana." Tsoho ya karɓi nasa, kofi cike har baki. Ya sansana. Ya ɗago ya dube ni inda nake tsaye, ya dubi Yaya da ke tsugune gabansa yana murmushi yana jira. Sai ya kafa kai. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, a kan fura, a kan rago, har ya ga ƙasan kofin. Ya kife shi a kan darduma.

"Na shanye," ya ce da ni. "Buta taka."

Zaure ya ɗauki hamdala. Yaya ya waiwayo yana dubana, irin kallon ka ga abin da na gaya maka.

Da na yi shiru da shi ke nan, buta ta zama tawa, kowa ya tashi da farin ciki. Amma na kasa. Mutumin da ya ce ba shi da kunya ya zo gidanmu ya koye ta a wuni ɗaya. Ba butar kawai nake so ba. So nake a ce na iya.

Na ce, "Maigida, ba nawa ka sha ba."

Yaya ya ce, "Kai."

Ban tsaya ba. Na koma ciki na kinkimo kurfotin gawayi da wutarsa, na dawo na dire shi a tsakiyar zaure. Na koma na ɗauko turmi da taɓarya da butar da moɗar ruwa da sauran ƙwayar a ƙullin tsumma. Na naɗe hannun riga, na zauna, na sa turmi tsakanin ƙafafuna.

Wanda bai san garinmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Magidanci mai iyali, ya zauna gaban Liman da mai unguwa yana daka. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar taɓaryata. Wani ya yi tari. Dillalin ya ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Saura a ɗaura masa zane." Ba wanda ya yi dariya sosai, don sun ga fuskar Yaya.

"Ka san abin da kake yi kuwa?" in ji Yaya.

"Na sani, Yaya."

"Tashi ka kwashe tarkacen nan."

Liman ne ya ɗaga hannu. Dattijo ne mai son ganin ƙwaƙwaf, Allah ya jiƙansa. Ya ce, "Alhaji, bar shi. Tunda an fara, mu ga inda abin zai tsaya."

Na wanke butar da ruwa zalla, na zuba na tulu. Na murza garin a yatsa, daidai. Na cika mazurari, na share, na murɗa, na gyara gawayin, na ɗora. Na bar murfin a buɗe da gangan.

Shiru. Mutum ashirin suna kallon 'yar buta. Mai unguwa ya ce, "Ai ba komai a ciki." Na ce ya jira. Sai tsuwwa. Sai na ga manyan riguna suna matsowa, wuya na miƙewa. Da baƙin abin ya ɓullo ta kan bututu ya fara gangarowa, wani daga baya ya ce, "Ikon Allah, daga ƙasa yake hawa." Wani ya ce ruwa ba ya hawa sama, akwai dai dabara. Ƙamshin ya cika zauren ya kori na citta da na nama, ya fita har waje, na ji waɗanda ke ƙofar gida suna tambayar me ake ƙonawa mai daɗi haka. Ni ban ga kowa ba a lokacin. Kunnena na kan butar. Ta ja numfashi za ta yi tari, na fizge ta daga wuta.

Finjali uku. Na farko na miƙa wa Tsoho. Na biyu ban ma yanke shawara ba, hannun Liman ya riga ya iso. Na uku ya rage a faranti, kuma nawa ne, don ni ban taɓa ba mutum abin da ban ɗanɗana ba. Na ɗauka. Sai na ga Yaya a zaune, hannu wofi, a zaurensa, gaban baƙinsa. Duk abin da ya yi mini, ba zan iya kai abu baki yana kallo ba. Na rusuna na miƙa masa. Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa ya watsa a baki gaba ɗaya kamar mai shan jiƙo, ya runtse ido.

"Ɗaci," in ji shi. "Ɗaci kawai."

Liman ya kurɓi nasa kaɗan-kaɗan, yana taɓe baki yana sake kurɓa. Da ya gama ya ce, "Wannan ba na ƙoshi ba ne. Na masu karatu ne." Ya leƙa cikin finjalin ko da saura.

Saura Tsoho. Ya juya nasa a hannu, ya kalli kumfar, ya sha rabi. Ya tsaya. Na ga harshensa na yawo a cikin kunci. Ya shanye sauran. Sannan ya jawo butar da tsumma, da zafinta, ya murɗe ta, ya ciro mazurarin ya buga a tafinsa. Dusar ta faɗo a dunƙule, zagayayya kamar waina, ba ta wargaje ba. Ya danna ta da babban yatsa, ya sansana.

"Wa ya soya?"

"Mai ɗakina. A yashi."

"A yashi." Ya kakkaɓe dusar daga tafinsa. "Akwai saura?"

"Babu, Maigida. Ita ke nan."

Ya faɗi wata kalma da harshensu wadda na san zagi ce, don ita yake wa noti in ya ƙi kwancewa. Ya haɗa butar da kansa, ya murɗa, ya ajiye ta a gabana, ya jera finjalin uku a gefenta.

"Ka sauke da wuri kaɗan," ya ce. "Kaɗan. Gara haka da latti." Ya miƙe da ƙyar, dafe da ciki. "Kada mace ta wanke ta da sabulu. Kada kowa ya zuba mata madara." Wannan ta ƙarshe bai dubi Yaya ba da ya faɗe ta, amma zauren duka ya dube shi.

Muka raka shi mota. Ya ba kowa hannu, ya gode wa Yaya da rago, ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Da baƙi suka watse ina tattara kayana, Yaya ya tsaya a kaina.

"Daga yau a kai maka abincinka ciki. Tunda daka kake so, ka zauna kusa da turmi."

Na ce to. Sai da aka yi wata huɗu kafin akushina ya sake fitowa zaure, kuma maganar zanen da dillalin nan ya laƙa mini a ranar ba ta bar ni ba har ya mutu. Ban ce ban ji zafi ba. Amma a yammacin nan ko a jikina. Na shiga gida da kurfoti a hannu ɗaya, buta a hammata, ina jin kamar in yi gudu.

Mai ɗakina na tsaye a bakin ɗaki, ta ji komai ta katanga amma sai ta tambaya.

"Ya sha?"

"Ya sha. Har ya nemi ƙari."

"Suyar fa, ya ce me?"

"Ya tambayi wa ya yi."

Ta gyara ɗaurin kallabi, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "To kai yaya ka ji ta? Ta kai yadda kake so?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Dahuwa biyu, finjali shida, mafi kyau da na taɓa yi.

Na ce, "Ko kurɓa ɗaya ban samu ba."

Ta dube ni, ta dubi butar. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a bakin ƙofa, tana share hawaye da gefen zane. Na buɗe murfin, na zagaya yatsa a ciki, na lasa.